Shekarar da Baƙin Sa Ya Ƙi Shiga Jirgi

Gardamar da kuka yi a tsakar gida ran sunan ɗan Fati ita ta sa na zauna rubuta wannan babi. Ina daga cikin ɗaki ina jin ku. Wani ya ce faifai goma muka yi, wani ya ce har Ingila aka kai mu. Shi kuwa Nuhu, da ya fi kowa ɗaga murya, ya rantse cewa tsohon faifan da ke cikin akwatin uwarku ba namu ba ne, tunda sunan da ke jikinsa ba sunanmu ba ne. To ku saurara. Faifai uku na yi, na huɗu ya fita ba da ni ba. Ingila kuwa ko a mafarki. Iyakar inda kiɗa ya kai ni Kumasi, karon farko ma a ƙafa na je, a bayan shanu. Kusan duka abin a cikin shekara guda ya faru, shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga ta Gana.

Lokacin ina saurayi, ina fawa a ƙarƙashin kakanku, Baba Sumani, a babbar kasuwar Tamale. Da yawanku ba ku riske shi ba. Gajere ne, kakkaura, in ya yi magana sai ka ce wani yake kira daga ƙetaren rafi, ko da kuwa ruwan sha yake nema a hannun wanda ke zaune kusa da shi. Kakanninsa daga Kano suka zo da fataucin goro, suka zauna a Salaga, daga baya suka hauro nan. Mma Azara kuwa, uwata, 'yar Dagomba ce daga Sagnarigu. In rigima ta tashi a gidanmu, Baba ya yi faɗa da Hausa, Mma ta rama da Dagbani, kowa na jin kowa sarai, amma kowa ya yi kamar bai ji ba. Kiɗa ɗaya ne Baba ya yarda cewa kiɗa ne, wato kalangu, kiɗan mahauta. Akwai wani tsoho, Garba, wanda kowace safiya yake tsayawa a bakin kwata yana kaɗa mana in nama ya fito. In Garba ya ɗauko taken Baba, sai ka ga gajeren mutumin nan ya ƙara tsawo.

Ni kuwa silima ce ta ɓata ni, in ji Baba. An nuna wani fim da samarin Turawa ke kaɗa gita da gudu, suna rawa kamar an zuba musu garwashi a takalmi. Na fito kaina yana juyi. A bakin ƙofa na ji wani yana rera abin da muka gani da fito, bai kuskure ko ɗaya ba. Shi ne Kwaku, Ba'asante, akawun gwamnati da aka turo arewa, yana haya a Lamashegu. Yana da gita biyu, kuma ya san yadda ake jona ɗaya da tsohuwar rediyo da batirin lore, sai ta riƙa kururuwa har ƙarshen unguwa. Shi ya koya mini. Na ukunmu Alidu ne, ɗan gidan makaɗa a Gumbihini. Iyayensa da kakanninsa masu kaɗa wa sarakunan Dagomba ne, suna jero tarihi a hankali, shi kuwa hannunsa ba ya son a hankali. Yana da babbar gangarsa da suke kira gungon, in ya doke ta har cikin hanjinka za ka ji. Bayan la'asar, in na wanke teburi, sai mu haɗu a gindin mangwaro bayan ɗakin Kwaku. Ran farko da muka haɗa ukun, wata tsohuwa maƙwabciya ta fito a guje tana kwashe shanyarta, ta ɗauka hadari ne. Daga nan muka sa wa kanmu suna Tsawar Arewa.

Ba a daɗe ba labari ya isa gida. Wata rana muna cin tuwo Baba ya ajiye lomarsa ya dube ni.

"Yakubu, an ce kana kiɗa."

"E, Baba."

"Wane irin kiɗa?"

"Na zamani ne, Baba. Turawa suna ce masa rok."

"Roƙo?" Ya juya wajen Mma. "Kin ji ko? Ɗana, ɗan mahauci, jikan mahauci, roƙo yake yi. Mu ake roƙa, yanzu mu ne masu roƙo."

"Ba roƙo ba, Baba, rok."

"To ai na ji. Bature ne bai iya ƙarasa kalmar ba."

Mma ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce masa da Dagbani yaron da ke tashi kafin zakara ya je kwata, in da yamma ya yi ihu a gindin mangwaro, wa ya cuta? Baba ya ci gaba da cin tuwonsa. Bai hana ni ba, bai kuma yarda ba. Sai dai daga ranar, in wani ya tambaye shi ina Yakubu, sai ya ce, "Ya tafi roƙo."

Ranar bikin 'yancin kai, bayan 'yan sanda sun gama busa ƙahoninsu a filin gari, wani malamin makaranta da ya san Kwaku ya ce mu hau mu yi ko waƙa ɗaya. Muna da wata da muka shirya musamman, "Tuta Ta Hau", mai nauyi, mai kalmomi manya-manya. Muka yi ta, aka tafa da ladabi. Sai Alidu ya ƙi tsayawa, ya ƙara gudu, Kwaku ya bi shi, ni ma na bi. Kafin ka ce me, fili ya kaɗe. Na ga matan kasuwa da tirensu a ka suna rawa, na ga wani ɗan sanda ya cire hularsa yana kaɗa ta sama. A cikin taron akwai wani direban lore mai zirga-zirgar Kumasi. Shi ya kai labarinmu ga wani ɗan Siriya mai kantin garmaho da faifai a can, shi kuma ya dawo mana da saƙo: akwai Baturen da kan zo daga bakin teku da na'urar ɗaukar murya, in mun isa Kumasi kafin ya koma, za a gwada mu.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan gaya wa Baba. Da na faɗa, bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya daɗe yana goga wuƙarsa a dutse, sannan ya ce:

"Ina da shanu da za su gangara Kumasi. Da ni zan kai su, amma gwiwata ta ƙi. Ka kai su, ka danƙa su a hannun maigidana a zango, ko ɗaya kada ya rame. Abin da ka yi da bakinka bayan nan, tsakaninka da bakinka."

Haka muka kama hanyar Salaga, ni da Alidu da gangarsa a baya, da Fulani makiyaya biyu da Baba ya saba ɗauka. Kwaku ya ce ƙafar akawu ba ta tafiyar shanu ba ce, zai biyo mu a lore da gitoci mu haɗu a Yeji, inda ake ƙetare babban kogi. A cikin garken akwai wani baƙin sa, ƙato, mai tozo kamar tulu, wanda Baba ya saya a rugar bayan gari ya kuma ƙaunace shi fiye da kima. Ya sa masa suna Gwamna, don a cewarsa ba ya jin maganar kowa. Duk tsawon hanya Gwamna ne a gaba. In ya ga dama ya tsaya, kowa ya tsaya. In ya ga ciyawa a gonar mutane, sai mun ba da haƙuri da harsuna uku.

Mun isa bakin kogi da hantsi, muka tarar da loroli sun yi layi suna jiran jirgin fito, Kwaku yana zaune a kan buhun doya da farar rigarsa. Da layi ya zo kanmu, shanu suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Gwamna ya zo daidai kan katakon hawa, ya sunsuna, ya dubi ruwa, ya dube ni, sai ya durƙusa ya kwanta. A tsakiyar hanya fa. Ba mai shiga, ba mai fita. Fulani suka yi masa kirari, suka murɗa wutsiya, suka hura masa iska a kunne. 'Yan kamasho suka ɗaura igiya suka ja, ta tsinke, suka zube a laka. A bayanmu akwai wata baƙar mota mai ƙaramar sabuwar tuta, da wani babban mutum a ciki yana sauri zuwa taro. Direbansa ya yi ta matsa oda. Gwamna ya ci gaba da tuƙa, ko kunne bai kaɗa ba. Rana ta take, masu sayar da kifi suka kewaye mu, kowa da shawararsa. Da Alidu ya gaji, ya sauke gangarsa ya fara taɓa ta don rage zafi. Ni kuma haushi ya sa na tsaya a gaban san na soma yi masa zambo:

"Gwamna ya ƙi jirgi, Gwamna ya ƙi,
Mai tuta na jira, Gwamna ya ƙi,
An ba kowa 'yanci, shi ma ya karɓi nasa."

Mutane suka fashe da dariya, suka karɓa. Kwaku ya zaro gita ya faɗo ciki. Har babban mutumin nan ya sauke gilashi yana murmushi. Muna tsakiyar haka, sai Gwamna ya miƙe, ya girgiza jiki, ya kauce wa katakon, ya gangara gefe ya faɗa kogi. Ya yi iyo, hancinsa da ƙahonsa kawai ake gani, jirgi ya tashi da mu yana tafe kusa da shi, mutane a ciki suna ihu suna tafi. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba, ina ta salati, ina tunanin abin da zan faɗa wa Baba. Ya riga mu fita a ɗaya gaɓar. Muka same shi yana kiwo.

A Kumasi na danƙa shanu lafiya, muka yi wanka muka nufi kantin ɗan Siriya. Ɗakin ɗaukar murya a saman kantin yake, an toshe tagogi da barguna, zafi kamar gidan burodi. Bature yana zaune a bayan na'urarsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Makirfo ɗaya ne a tsakiya. Aka ce in jar fitila ta kama mu fara, in ta mutu mu tsaya, kuma tsakanin kamawa da mutuwar bai fi a sha kofin koko ba. Mu da muka saba jan waƙa har sai masu rawa sun nemi ruwa! Ga kuma gangar Alidu. Da ya doke ta sau ɗaya, allurar na'ura ta yi tsalle, Bature ya dafe kai. Aka matsar da shi bango, ta yi tsalle. Aka kai shi bakin ƙofa, ta yi tsalle. A ƙarshe a kan matakala aka zaunar da shi, a waje, ƙofa a buɗe.

"Ni da na ɗauko ganga tun daga Tamale a bayana," in ji shi, "yanzu ni ne mai gadi?"

Da ƙyar muka gama "Tuta Ta Hau" bayan mun ɓata ta sau da yawa. Muna tattara kaya sai ɗan Siriya ya ce, da Hausarsa ta kanti, "To, na baya fa?" Muka dubi juna. Wallahi mun ɗauka bayan faifan wasu za a ba. Ba mu da wata waƙar da muka gyara. Kwaku ya matso kusa da ni, ya ce da Hausarsa ta Asante, mai kiran kowa Masa, wato maigida:

"Masa, mu yi waƙan sa ɗin nan. Ya yi daɗi paa."

"Waƙar wasa ce, Kwaku. A gaban Bature?"

"Bature bai ji Hausa. Mu yi."

Fitila ta kama, muka yi ta sau ɗaya tak, da gudu, ina ƙago rabin baitocin a tsaye. Da fitila ta kusa mutuwa muka tsaya, amma Alidu yana kan matakala, ba ya ganin fitila, sai dukan gangarsa yake. In kun saurari ƙarshen faifan da kyau za ku ji wata murya daga nesa tana cewa, "Alidu, ya isa!" Kwaku ne. Bature ya yi dariya ya ce a bar ta haka. Da muna saukowa, yaron kanti mai rubuta sunaye ya tambayi Alidu sunan ƙungiyarmu. Alidu yana haki ya ce Tsawar Arewa, da bakinsa na Dagomba da ba ya son "tsa". Abin da ya shiga kunnen mai rubutu shi ya shiga jikin faifai: Sauran Arewa. To Nuhu, ka ji yadda aka yi. Faifan namu ne. Mun yi fushi da muka gani, amma Mma ta ce ai gaskiya aka rubuta, duk masu hankalin arewa suna wurin aiki, mu ne saura.

A wancan zamani ba a buga faifai a ƙasar nan. Sai an sa abin da aka ɗauka a jirgin ruwa an kai Turai, a can a buga a dawo da shi. Ina jin daga nan maganar Ingila ta samo asali. Muryarmu ce ta je, ta dawo ta same mu muna saran ƙashi. Sai da damina ta kankama faifan ya iso Tamale. Akwai wani mai sayar da atamfa a kasuwa da ke da garmaho a bakin rumfarsa don jan mata. Shi ya fara sa shi. Gefen tuta sau ɗaya aka ji, aka juya, ba a sake juyowa ba. Cikin 'yan kwanaki yara suna bin juna a lungu suna "Gwamna ya ƙi", mata suna daka da ita, in jaki ya tsaya a hanya sai a ce ya karɓi nasa 'yancin.

Ni ban gaya wa Baba komai ba. Wata safiya muna kan teburi, iska ta kawo waƙar daga layin 'yan atamfa. Ya tsaya da wuƙa a hannu. Ya ajiye ta, ya goge hannu a zanen aikinsa, ya nufi wajen, ina biye da shi. Ya tsaya a gaban garmaho har ta ƙare.

"Sake," ya ce wa mai atamfa.

Aka sake. Mutane suka taru suna kallonsa. Da ta ƙare ya juyo gare ni.

"Wannan Gwamnana ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ya yi iyo? Kogin nan duka?"

"Ya riga jirgi ƙetarewa."

Fuskarsa ta washe kamar an ce masa ɗansa ya sauke karatu. Sai kuma ya ɗaure ta.

"Ka yi waƙa tun daga farko har ƙarshe, ka ambaci mai tuta, ka ambaci masu kifi, ba ka faɗi mai sa ba. Wa ya zaɓo shi a ruga? Wa ya sa masa suna?"

Ranar ya sayi faifan, ko da yake ba mu da garmaho a gida. Mma ta naɗe shi a zani ta ajiye. Daga nan aka koma kiran teburinmu teburin Gwamna. Mutane su zo su ce a yanko musu naman san nan mai iyo, Baba kuma ya yanka ba tare da ya gyara musu ba, alhali tuni mutanen Kumasi suka cinye Gwamna.

Da kaka ta yi, ɗan Siriya ya aiko mu koma, wannan karo a lore. Ana gobe za mu tashi, Baba ya shigo da tsoho Garba da kalangunsa a hammata.

"Ku tafi da shi. In za a yi roƙo, a yi shi yadda ake yi."

A zama ɗaya muka ɗauki faifai biyu. Na biyu shi ne mai "Mahauta Sun Fito", inda na ambaci Baba har sau uku don a zauna lafiya, bayansa kuma "Lore Mai Tari". A jikinsa aka fara rubuta sunanmu daidai. Garba bai taɓa shiga ɗaki irin wannan ba, amma da fitila ta kama sai kalangunsa ya riƙa amsa wa gitar Kwaku kamar tsofaffin abokai masu tsokanar juna. Na uku shi ne "Mai Koko ta Bakin Tasha", bayansa kiɗa zalla ba waƙa. Shi ya makara, bai iso ba sai da shekara ta juya. Mai kokon kun san ta, uwarku ce, Ramatu. A lokacin ko magana mai tsawo ban taɓa yi da ita ba, sai dai in sayi koko da ƙosai in tsaya ina sha a hankali. Da faifan ya fito na je kamar kullum. Ta zuba mini ba ta dube ni ba.

"Yakubu, yanzu duk direban da ya sauka a tashar nan sai ya rera mini waƙa kafin ya biya. Jiya wani daga Bolga ya ce zai aure ni."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya jira in ga ko mai waƙar ya san hanyar gidanmu, ko bakinsa a faifai kawai yake."

Kafin sati ya zagayo manyanmu sun kai goro.

A tsakanin nan abubuwa biyu suka zo tare. Ɗan Siriya yana da ɗan'uwa mai otal a Ankara, babban birnin Gana, yana son mu koma can gaba ɗaya, mu riƙa kiɗa kullum, da kwat iri ɗaya, da sababbin kayan kiɗa, a kuma ɗauki faifai na huɗu. Kwaku ya ajiye aikin gwamnati tun kafin ya gama jin saƙon. Alidu ya ce ko a kan matakala ne zai je. A watan ne kuma Baba ya tashi wata safiya hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Aka yi na asibiti, aka yi na gida, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har da ƙari in ji Mma, amma hannu bai dawo ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji. Ina so ku san wannan da kyau, don na ji ana cewa kakanku ne ya hana ni tafiya. Bai hana ni ba. Shi da kansa ya kira ni ya ce:

"Ka tafi. Allah ya ba ka abin da bai ba ni ba. Teburi ba zai gudu ba, ina da hannun hagu."

Na yi murna, na ɗaure kayana. Ana saura kaɗan mu tashi, na je kwata da sassafe don in yi sallama da mutane. Daga nesa na ji kalangun Garba yana tashi da ƙarfin da ban saba ji ba. Da na matso sai na ga dalili. Baba yana tsaye a kan ƙirjin sa da gatari a hannun hagu, yana sara yana kuskurewa, gatarin yana zamewa a ƙashi. Garba ya tsaya daidai gabansa, ya ba shi baya, ya baza babbar rigarsa, yana zuba takensa da iyakar ƙarfinsa don kada sauran mahauta su lura. Su ma kowa ya sunkuyar da kai a kan aikinsa. Na daɗe a tsaye. Sannan na tuɓe rigar tafiya na rataye a ƙusa, na je na karɓi gatarin. Ya sakar mini shi, na ci gaba da saran.

Kwaku ya yi fushi ƙwarai. Ya zage ni da Turanci, ya ƙara da Asante, ya ce zan tsufa ina warin kitse. Bai yi ƙarya ba. Amma ran tafiyarsu na raka su tasha, ya bar mini gita ɗaya, ni kuma na ba shi waƙar da na tanada wa faifai na huɗu, "Hanyar Salaga". Ita ce waƙar da na fi so a duk abin da na taɓa yi, ba ta da gudu, ba ta da zambo, labarin mutum ne mai tafiya a bayan shanu yana tuna gida. Lore ya tashi, Alidu yana saman kaya yana dukan gangarsa har suka sha kwana. Ba zan ɓoye muku ba, ranar ban iya cin abinci ba. Sun yi suna a can, sun yi faifai da yawa, Kwaku har ƙasashen maƙwabta ya zaga. Waɗancan nasu ne, ba nawa ba, kada ku ƙirga mini su.

Bayan bikinmu da uwarku da 'yan watanni, wata rana da la'asar ina dawowa daga kasuwa, na tarar da Baba a kan tabarmarsa a tsakar gida, maƙwabcinmu ya kawo rediyonsa suna saurare. Ina cire takalmi sai na ji gitar Kwaku, na gane ta tun daga taɓawar farko. Sai muryarsa ta shigo da "Hanyar Salaga", da Hausarsa da ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya yi ta da kyau, kada ku ji an ce bai yi ba, an ƙara mata ƙahoni da wasu kayan da ban san sunansu ba. Uwarku ta leƙo daga madafa ta dube ni, ta koma ciki. Da waƙar ta ƙare mai rediyo ya faɗi sunan Kwaku da Tsawar Arewa.

"Taka ce?" in ji Baba.

"Tawa ce, Baba. Na ba shi."

"Shi wannan yaron ya taɓa bin hanyar Salaga a ƙafa?"

"A lore ya bi ta."

"Na ji alama." Ya gyara zama. "Ɗauko molon naka."

Ban taɓa kaɗa gita a cikin gidanmu ba sai ranar. Na ɗauko ta, na zauna a kan turmi da kayan aikina a jiki, na yi waƙar tun daga farko, a hankali, yadda na so a yi ta. Mma ta bar tsintar shinkafa. Uwarku ta fito ta jingina da bango da muciya a hannu. Baba ya rufe ido, yana buga gwiwarsa da hannun hagu, kuma bai saɓa ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe, har tuwo ya fara kamawa ba wanda ya motsa. Ya buɗe ido, ya share fuskarsa da hannun riga kamar gumi ne.

"To, madalla," ya ce. "Je ka ci abinci ka kwanta da wuri. Gobe shanu biyu za mu kayar."